Sunan Allah a Daɓen Wasa

Deptford, Landan

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Rabi da yara. Yaya jikin Inna?

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ka san aikina gwada wasannin bidiyo kafin a sayar. Wani kamfanin Japan ne ke haɗa mana su a kan kwangila. A sabon da suka aiko, sun ƙawata daɓen wani gida da rubutun Larabci, har da sunan Allah, jarumin wasan yana takawa.

Na nuna wa ogana. Ya ce, "Bashir, in aka taɓa wannan mun rasa kasuwar Kirsimeti." Na ce ni dai ba zan sa hannu ba.

Maganar ta kai ga kamfanin, jiya saƙon fax ya iso daga Japan. Mai zanen ya ba da haƙuri, ya ce ado ya zata, zai sake. Amma wasan zai makara, oga kuma ya daina amsa gaisuwata. Ranar Litinin yake son ganina a ofishinsa.

Ku sa ni a addu'a. Ka gaida Kawu Idi da mutanen gida.

Ƙaninka,
Bashir