Jikata Tana Amsa Sunan Kofur Mancang

Yaya Wen, ki taimake ni kafin in aikata abin da unguwa za ta daɗe tana labari.

"Ranar da na tuɓe kaki, a ƙofar bariki zan bar kiran suna." Mijina, Manjo Qiu mai ritaya, shi ya faɗa min haka da bakinsa. Ƙarya ce.

Rukuninsu na soja na da al'ada: a kiran sunan yamma, da Kofur Shan Mancang ake farawa, wanda dusar ƙanƙara ta binne a bakin iyaka tun mijina yana ƙaramin hafsa. Sojoji duka su amsa da murya ɗaya, "Ina nan!" Gadonsa ma a gyare yake kullum. Bara aka rushe rukunin, aka soke lambarsa. Sai tsohon nan ya je ya roƙo bargon mamacin, ya shimfiɗa masa gado a ɗakin littattafaina, bargo a ninke da kusurwa huɗu kamar yankan awara. Kullum kafin a zuba shinkafa sai ya ƙame a falo ya kira sunan, ya amsa wa kansa. Na ce masa, Manjon banza, rundunarka yanzu ni ce da kifin cikin kwalba.

To jikarmu Miaomiao, 'yar shekara huɗu, a hannunmu take, iyayenta na aiki a kudu. Watan jiya mijina ya kira sunan, kafin ya buɗe baki ta riga shi amsawa daga kicin. Muryarta ce, amma ta sauke ta ƙasa. Shi har da hawayen daɗi. Shekaranjiya ina taje mata kai ta ce, "Kaka, a hankali, kunnen nan sanyi ya cinye shi. Ai Rabin Kunne suke ce min." Da na gaya wa mijina, sandunan cin abinci suka zube daga hannunsa. Laƙabin Mancang ne, mutanen ɗakinsu kaɗai suka san shi, kuma ya rantse bai taɓa furta shi a gida ba. Yanzu in na kira Miaomiao sai na maimaita kafin ta waiwayo.

Tarihi na koyar har na yi ritaya, ban yarda da fatalwa ba. Amma kakanninmu da suka hana sa wa jariri sunan mamaci ba wawaye ba ne. Na ba mijina wa'adi zuwa ranar sharar kaburbura, wadda duk shekara ake zuwa gyara kaburburan magabata. In gadon ya wuce ranar, zan ƙone bargon a tsakar gida, in ɗauki yarinyar mu hau jirgin ƙasa zuwa wurin uwarta.

Tsohuwar malama, daga birnin Mudanjiang

'Yar'uwa,

Gaskiyarki a kan yarinyar. Sunan da mutum ɗari suke ɗauka tare ya fi ƙarfin wuyan 'yar shekara huɗu. Mai yiwuwa a bakin tsofaffin abokan mijinki ta tsinci laƙabin wata rana da suka zo shan giya, yara kunnuwa ne da su. Ko ma ta ina ya shigo, daga yau kada ta sake zama a gidan lokacin kiran suna. Fita da ita, ki yawaita kiranta da nata sunan.

Amma kada ki ƙone bargon. Mijinki ba taurin kai kawai yake yi ba, tsoro yake ji: in ya yi shiru, ba sauran mai kiran mutumin a duniya. Kuma ke matar soja ce, kin san soja ba ya barin wurin gadi sai an sallame shi. An soke rukuni, ba wanda ya sallami Mancang.

Wa'adinki ya yi daidai, ki canza abin da za a yi a ranar. Manjo ya tara abokansa da suka rage, ku je kabarin Mancang, ya kira sunan sau ɗaya, sannan a matsayinsa na babba ya ce masa aiki ya ƙare, ya tafi gida. Bargon a miƙa wa dangin mamacin. In Manjo ya ƙi, hau jirginki.

Miaomiao ta zauna wurin maƙwabta ranar. In kun dawo, kira ta daga bakin ƙofa. Ina miki fatan ta waiwayo a kira na farko.

Yaya Wen