Lissafin da ya tare wa Hajara hanya

Zuwa ga ƙanena Isa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da iyali, da ƙafar nan mai damunka. Mu nan Yangoji sai godiya.

Jikata Hajara ta sake faɗuwa jarrabawar lissafi, karo na biyu. Ta ci komai sai wannan aljebara, lissafin da ake cusa wa haruffa. Makarantar ungozoma a Abuja ta ce babu shiga sai da shi. Yarinyar da take taya kakarta karɓar haihuwa tun tana ƙarama.

Na sa babbar riga na je wurin malaminsu. Na ce, "Malam, wace mai naƙuda ta taɓa tambayar harafi?" Ya ce da shi ake auna maganin jariri. Na juyo gida, amma ba don ya yi gaskiya ba.

Kai ka matsa a sa ta boko, ban manta ba. Na ce ta haƙura, ta ce sai ta sake zama jarrabawar karo na uku. Kakarta ta ce taurin kaina ta gado.

Ka gaishe da mutanen gida. Ka sa ta a addu'a, don na fi ta jin zafin faɗuwar.

Yayanka,
Garba