Kafin Mai Sikeli Ya Zo

Malamata, sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take,

Jiya majalisar jami'a ta yanke shawarar rufe sashen falsafa. Ni na tace labarin da hannuna, na sa shi a shafin ciki, ƙarƙashin tallar tayoyin mota. Da na dawo gida na tarar da littattafanki cikin kwalaye a bakin ƙofa, kika ce mai sayen tsofaffin takardu zai zo ran Asabar ya auna su.

A kilo, Malamata!

Na gaji, na kuma san kin fi ni. Shekara da shekaru Kawu yana tambayarki a kowane taron dangi, wai falsafar nan dafa ta ake yi ko soyawa, ki yi murmushi ki ƙara masa shayi. Yanzu ga masu manyan kujeru sun ari tambayar Kawu, sun ba kansu amsa.

Aikina datse ƙawa daga jimla, amma a kanki alƙalamina ya ƙi. Ke ce ruwan farko bayan dogon fari. Ke ce rijiyar da ba ta gurɓata ko an yini ana jefa guga. Yau na leƙa na ga ruwan ya ja baya, ina zan sa kaina?

Kin tuna barandar asibiti, ranar da likita ya ce ciwon Inna ya fi ƙarfin magani? Yaya da injiniyancinsa, ni da jaridata, muka haɗa baki za mu ɓoye mata. Kika bari muka gama kewaye-kewayenmu, sannan kika ce, "Wa muke karewa, Inna ko kanmu?" Aka faɗa mata. Ta aika aka kira ƙanwarta da suka daɗe ba sa ga-maciji, ta yi sallama da kowa da bakinta. A wane sikeli za a ɗora wannan?

Ban ce wasiƙar nan za ta mayar miki da ofishinki ba. Roƙona ɗaya ne: ki sallami mai sayen takardun nan. Mu mayar da kwalayen ciki, ko da teburina ne zai fita. A rufe sashe ko a bar shi, kina da ɗalibi guda a layin gaba har ƙasa ta rufe idonsa.

Mijinki, wanda bai taɓa fashin ajinki ba.

Ƙarin bayani: wani magatakarda ya ce min shugaban jami'a bai sa hannu a kan shawarar ba tukuna. Majiya ɗaya ce. Ta biyun ba ta ɗaga waya ba.