Ledar Robata

Yaya,

Na tafi atisaye, ban tashe ka ba.

Sati biyu ina neman ledar da nake rufe robar bat ɗina na ƙwallon tebur. Ka rantse ba ka gan ta ba, har ƙarƙashin gado ka taya ni dubawa. Robar ta sha ƙura, jiya ƙwallo ta yi ta zamewa, aka cire ni daga gasa. Ka ce hannuna ne ke rawa.

Ɗazu na buɗe jakarka neman soso, sai ga ledar manne a kan robarka. Ni na yanke ta, na san karkacewarta.

Kada ka goge min bat ɗin don lallashi. Riƙe ledar. Amma a wasan ranar Asabar kada na gan ka bayana kana tafa min.