'Yar Matuƙiyar da Yaya Yake Kira da Sunanki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah ya ƙara miki juriyar tsayuwar asibiti, ya sa ƙafafun nan naki su daina kumbura. Mu nan alhamdulillahi. An cire wa maman yara haƙorin da ya dame ta, bakin kuwa ya dawo aiki gaba ɗaya, ko kalma ɗaya ba ta yi asara ba.

Yanzu ki gyara zama, domin ina da sanarwa mai nauyi. Ni yayanki, wanda ya shekara ashirin da shida yana gyaran rubutun mutane a maɗaba'a, wanda ya karanta littattafan da masu su ma ba su iya sake karantawa ba, na kammala babban aikin rayuwata. Na jera labarin katun ɗin nan, fim ɗin zanen nan na jirgin sararin samaniya, tun daga tushe har ƙarshe, a takarda mai layi, da jan biro. Ashe kashi hamsin da biyun da muka sani tsakiyar labarin ne kawai. Daga baya an yi finafinai uku, an yi wani sabon jeri da ya koma baya ya nuna yadda aka ƙera jirgin, ga kuma littattafan zane da ke cike giɓi tsakaninsu. Na gano dalilin da ya sa mutum-mutumin nan mai dafa musu abinci, mai kai kamar buta, yake ɗingishi, abin da masu zanen ba su ga damar faɗa ba sai bayan shekara ashirin. Babu wanda ya tambaye ni. Maman yara ta duba jadawalin ta ce da ranar haihuwar 'ya'yana na riƙe haka, da an huta.

Na fara da wannan ne don ki ɗan yi murmushi, saboda abin da ke biye ba na dariya ba ne, kuma na kasa faɗa miki shi a waya.

Kin san tun da likita ya tabbatar da ciwon mantuwar Yaya, babban wanmu, nake biyawa ta gidansa kullum in na tashi daga aiki. Kin kuma tuna shagonsa na gyaran talabijin. Duk akwatin da ya gyara, ba ya yarda ya bar shagon sai ya gwada shi da kaset ɗin katun ɗin nan, domin a cewarsa babu abin da ya kai shi tona asirin launi. In jar rigar kyaftin ta yi kama da ruwan lemo, ko koren fitilun jirgin ya dusashe, to mai akwati sai ya dawo gobe. Ke kuwa kina dawowa daga makaranta za ki kife kwandon waya ki zauna a kai har a rufe shago. Kaset ɗin sun daɗe da mutuwa, amma babbar 'yarsa ta nemo mana kashi hamsin da biyun duka ta zuba a filashi. Ranar da muka kunna na farko, Auta, da kin ga Yaya. Mutumin da ke tambayar matarsa ina banɗakin gidansa yake, shi ne yana rigan kyaftin faɗin maganarsa, cikin harshen da bai taɓa koya ba. Ya ce ja ya yi yawa a akwatin, a miƙo masa sukuddireba. Ya cinye abincinsa tas yana kallo. Da zan tafi ya kira ni da sunan tsokanar nan na yarinta da na hana kowa faɗa, wata biyu ke nan rabon da ya kira ni da kowane suna. Daga nan muka tsayar da kashi ɗaya kullum bayan la'asar, muka yi kwana hamsin da biyu mafi daɗi tun da ciwon ya fara.

Da muka kusa gamawa, kin ce mini a waya in mun kai ƙarshe mu koma na farko, kada in ƙara masa wani sabon abu, domin masu irin wannan ciwo hanyar da suka sani suke so. Na yi miki dariya, na ce ma'aikaciyar jinya allura ta sani, labari kuwa a bar wa masu shi. Kin san jerin ya ƙare ne jirgin bai isa gida ba, ni kuma aikina ya lalata ni, ba na iya ganin littafi babu shafin ƙarshe in yi barci. Sai na ga ai Yaya ya cancanci ya ga saukar jirgin da ya shekara talatin yana kallo a hanya. Fim na ɗaya da na biyu sun wuce lafiya, ya ɗan yi ƙorafin cewa zanen ya yi santsi da yawa, hannun wani ne daban.

A fim na uku ne jirgin yake isa. Amma kafin ya isa, 'yar matuƙiyar nan mai gajeren gashi, mai cizon leɓe, wadda ba ta taɓa bin umarnin kyaftin sau ɗaya ba, ta girma ta zama mace, kuma ita ce take tsayawa a baya cikin ƙaramin jirgi ta riƙe wa sauran hanya har su wuce. Ba ta fita ba. Ba zan ce ban sani ba. Na sani sarai, yana cikin jadawalina da rubutun hannuna, har da shekarar da abin ya faru a lissafinsu. Abin da ban rubuta ba, domin ba ya cikin kowane littafi, shi ne tun kina 'yar shekara bakwai Yaya bai taɓa kiran yarinyar nan da sunanta na fim ba. Auta yake ce mata, saboda taurin kai. Ni da na riƙe dalilin ɗingishin mai kan buta, wannan ne ya kwance mini.

Bai yi kuka ba. Ya tashi ya kashe akwatin daga bango, ya zare wayar, ya naɗe ta a hannunsa a hankali, ya ɗora ta a kan akwatin. Matarsa ta dube ni, domin ita ma ta san haka yake yi wa akwatin da ba zai gyaru ba.

Washegari ya manta da fim ɗin ƙaf. Na ce alhamdulillahi, ashe ciwon ma yana da ranarsa. Sai dai fim ɗin ne ya tafi, baƙin cikin ya zauna. Ya tashi ya san an yi masa rasuwa, ya duba gidan ya ga kowa yana nan sai ke. Tun ranar yake tambayar matarsa me ya sa mutane ba su zo ta'aziyya ba. Ni kuma in na shiga, sai ya kama hannuna ya ce in ji tsoron Allah in gaya masa yaushe ne, kuma ko kin sha wahala. In na rantse kina raye, sai ya gyaɗa kai irin na wanda ya gane ana lallashinsa.

Kin tuna kiran bidiyon da muka yi ranar Talatar nan, da ya zuba miki ido ya tashi? Na ce miki gajiya ce. Ba gajiya ba ce. Bayan kin kashe, ya ce da ni kada in raina masa sana'a, shekara talatin ya yi hannunsa na cikin akwatuna, ya san wanda ya mutu yana iya magana a gilashi har ya yi dariya. Na buɗe baki in yi gardama, ni da ban taɓa rasa amsa ba, na ga maganarsa babu inda zan sa mata jan biro.

Babu abin da ban gwada ba. Na mayar da mu kashi na farko, amma yarinyar tana fitowa sai ya juya fuska bango. Na riƙa tsallake wuraren da take, ya ce wani ya yanke kaset ɗin, kuma aikin bai yi kyau ba. Har na ɓata Asabar guda ina karanta gardamar waɗansu mutane a intanet, manya da gemunsu, a kan ko ta tsira, domin a wani littafin zane na baya akwai hoto ɗaya da aka ga inuwar mace mai gajeren gashi a bakin wata ƙofa. Na kai hoton maɗaba'a na buga shi babba a takarda mai kyau, na kai masa kamar mai kai takardar shaida kotu. Ya duba ya ce inuwa ce, ya miƙo mini abina. Yanzu akwatin yana nan a kashe. Abinci cokali biyu ko uku ne, matarsa ta ƙara huda a bel ɗinsa. Likita ya ce wataƙila abin ya gushe cikin makonni, wataƙila kuma ya zama cikin 'yan abubuwan da za su zauna masa har ƙarshe, kuma babu ƙwayar da ake bayarwa don wannan.

Na san ba a ba ki hutu sai shekara ta juya, na san yara suna tsakiyar karatu, na san nisan. Ba zan ce ki zo ba, domin ba ni da bakin ba da shawara a kan Yaya yanzu. Zan dai faɗa miki abin da matarsa ta ce. Ta ce abin da ya rage masa da yake yarda da shi shi ne abin da hannunsa ya taɓa, har yanzu bayan akwati yake shafawa ya ji ɗumi kafin ya yarda yana aiki. Tana ganin in ya riƙe hannunki, ko kwana uku ne, zai yarda. Na tambayi likita, ya ce yana iya yarda da rana ya manta kafin magariba, mu koma inda muke. Don haka ko kin zo ban yi miki alkawarin komai ba. Na rubuto ne don duk abin da za ki yanke, ki yanke shi kina sane da yadda ake ciki. Jiya ya ce in na je wurinki in gaya miki ya ajiye miki kwandonki. Ban san wane wurin yake nufi ba, ban kuma iya tambaya ba.

Matar Yaya tana gaishe ki, ta ce kada ki yi kuka a wurin aiki. Babbar 'yarsa tana gaishe ki. Maman yara da yara duk suna gaishe ki. Ki gaishe mini da maigidanki, da babban ɗanki mai surutu, da takwarar Inna, Allah ya raya su, ya sada mu da alheri.

Kin ce kada in ƙara masa komai, na ƙara. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Yayanki na tsakiya.