Darasin Gyambon Baki a Bakin Tabarmata

Talata, 2 ga Agusta 2022
Yarinyar ta zo hutu daga makarantar haƙori ta Kotonu. Ɗiyata ce ta fari, ba na kiran sunanta, ita ma ba ta ɗaga ido ta dube ni. Amma salula ba ta barin hannunta. Muryar namiji nake ji a ciki. Wane ne?

Alhamis, 4 ga Agusta
Na tambayi uwarta Karimatu. "Darasi na, Alhaji, ɗan guntu, kamin shayi shi huce ya ƙare." Darasi! Shekara nawa ina fiton kaya a duwan, wato kwastan, na san yadda ake rufe kaya da tampol.

Asabar, 6 ga Agusta
Ta je kasuwa ta bar salular. Na duba. Bakuna ne a wangale, harsuna, dasashi duk gyambo. Ƙasa kuma tambayoyi. Malami ne dai, tsoho mai sanƙo. Na ji kunya, kaɗan.

Talata, 9 ga Agusta
To amma me ya sa kullum darasi ɗaya? Da na zauna na sa tabata da kanwa a kunci, sai ta ajiye salular kusa da tabarmata, ta ƙara murya, ta shige ɗaki. Farin tabo, gyambon da ya ƙi warkewa, masu taba da goro. Na fahimci Faransancin sarai. Karimatu ce ta sa ta. Tun aurenmu take yaƙi da tabar nan.

Laraba, 10 ga Agusta
Yau ma. Ban kula ba.

Juma'a, 12 ga Agusta
Na titsiye Karimatu. Sai ta fashe da kuka. "Ni ban san komi ba. Ita ta gani ran da ka yi hamma. Ta ce mini, Inna, ƙaƙa zan ce ma Baba shi buɗe bakinai?"

Tabon yana nan cikin bakina tun kafin azumi, gefen hagu. Ba ya ciwo, shi ya sa. Na duba a madubin babur. Irin na hoton ne. Tsoro ya kama ni.

Talata, 16 ga Agusta
Gobe Parakou, wajen lokotoro a asibiti. Ba don darasin ba, dama ina da hidima a can. Gwangwanin taba ya ɓata, ban nema ba.

Sai dai ina bukatar mai raka ni. Na leƙa tsakar gida, tana wanke-wanke. Na ce, "Nafissa."

Kwanon ya faɗi daga hannunta.