Babban Yatsanka na Hagu Nake Nema

Zuwa ga Yayana Fuseini, gidan Kawu, Salaga.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata jiki yana sauƙi, Kawu da iyalinsa kuma suna lafiya. Na san za ka ji haushi da na rubuto maka a shafina inda kowa zai karanta. To, kai ka jawo. Waya ba ka ɗauka, saƙo ba ka amsawa, amma matar Kawu ta tsegunta min cewa duk abin da na sa a nan sai ka karanta.

Ka tuna shagon gem na Baba Seidu, bayan tashar motocin Garu a Bawku? Dokar shagon ita ce wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin bugawar, ya koma benci. Kai kuwa ba a cika cin ka ba. Mma, mahaifiyarmu, takan aiko ni in kira ka cin abinci, sai in tsaya a bakin ƙofa in manta da aiken. Tuwo ya huce, mu sha faɗa tare.

A tsayuwar nan na koyi abubuwan da ku masu bugawa ba ku da lokacin gani. Na lura dodon nan na ƙarshen gem ɗin da kake bugawa sai ya sauke kafaɗa kafin ya kai duka. Na lura katangar da ake iya hawa ta fi sauran haske. Idan kuma gem ya fara yi maka kyauta, ga magani ga harsashi, to masifa ce a gaba. Ina faɗa maka daga ƙofa, kai kana yi kamar ba ka ji ba, kana kuma bin maganata. Baba Seidu yakan ce wa samari, "Yarinya nan ya fi ku ido, kuma bai taɓa fad ba." Kaina ya yi ta kumbura.

Sai ranar da ka miƙo min fad ɗin. Na san hanya tun daga farko har ƙarshe, amma ramin farko na faɗa. Na sake, na kuma faɗawa. Ka yi dariya har da riƙe ciki, sannan ka ce, "Kin san inda ramin yake, amma ba ki san nauyin mutumin nan ba." Kai ka nuna min cewa ko ƙafar mutumin cikin gem ɗin ta ɗan wuce bakin rami, gem ɗin yana barinsa ya yi tsalle. Ka ce masu yin sa sun yi shi da tausayi. Duk kallon da na yi shekara da shekaru ban taɓa ganin wannan ba, don a yatsa ake jin sa.

Yanzu ga ni a Yendi, ni ma ina haɗa gem na waya. Wata mai doya ce da kwano a ka, tana ratsa kasuwar Salaga ranar cika, ga awaki, ga masu baro, kada kayanta su zube. Da yatsa ɗaya ake buga shi. Ba sai na faɗa maka dalili ba.

Tun da babur ya kayar da kai a hanyar Yendi, hannun damanka ya daina aiki, ka tattara ka koma Salaga ka shige ɗaki. An ce kai kaɗai kake cin abinci. An ce idan aka sallame sallar Juma'a sai ka zame kafin a fara musabaha, don ka gaji da cewa a yi maka afuwa, hagu ce. Yaya, wannan labarin ya fi hatsarin yi min ciwo.

Na gwada gem ɗin da samarin unguwarmu. Na ce kowa ya sa hannun dama a aljihu. Da wasa ya yi zafi, sai in ga hannun ya fito da kansa ya tallafe wayar, mai shi ma bai sani ba. Na zauna a bayansu ina kallo yadda na iya. Na ga inda suke ɓata hanya, na gyara. Na ga inda suke hamma, na rage. Amma idan na tambaye su yadda suka ji shi a hannu, sai su ce, "Sista, ya yi kyau." Ka san mutanenmu, ba a kushe wa mutum aikinsa a gabansa. Kai kaɗai ne ba ka taɓa raga min ba.

Ban sani ba ko yatsa yana kaiwa maɓallin da ke can sama. Ban sani ba ko wuyan hannu yana gajiya kafin mai doyar ta isa rumfarta, ko kwanon yana da nauyin da ya kamata. Ni hannu biyu gare ni, nawa ma ha'inci yake yi. Don haka ba zan sake shi ga jama'a ba sai kai ka buga.

Na turo maka shi a waya. Rufe ƙofarka idan ka ga dama, babu wanda za ka nemi afuwarsa. Ka buga, sannan ka kira ni ka kushe shi son ranka. Na yi kewarka ƙwarai, Yaya. Muryarka nake so in ji, ko da faɗa za ka yi min.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya sa wannan ciwo ya zama kaffara. Allah Ya sanyaya maka zuciya, Ya fito min da kai tsakar gida ka ci abinci cikin mutane. Amin.

Ƙanwarka mai jiran kiranka,
Memuna, daga Yendi.